Sanyin Winnipeg ba a yi masa jarumta

Makon jiya ƙanen wani abokina ya kira ni daga Zariya. Ya samu gurbin karatu a Jami'ar Manitoba, zai iso nan Winnipeg, a ƙasar Kanada, a farkon Janairu, yana so in gaya masa abin da zai taho da shi. Ban kai ga buɗe baki ba ya ce, "Yaya, maganar sanyi kada ta dame ka. Na sayi suwaita biyu da wata jibgegiyar jaket a gwanjo, kuma ka san a Jos na yi bautar ƙasa." Na yi dariya har sai da uwargida ta leƙo daga kicin. Ba shi nake wa dariyar ba, kaina nake wa. Abin da na faɗa ke nan shekara shida da suka wuce, sai dai ni da ɗarin Funtuwa na yi tutiya.

A gida in ma'auni ya sauka zuwa digiri 12 ko 13, shi ke nan an shiga muku-muku. Masu shago su makara, kasuwar mai shayi ta buɗe, yara su ƙulla gaba da ruwan wanka. A nan cikin Janairu digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili rana ce irin ta kullum, ba wanda zai ɗaga kai don ita. Akwai dararen da yake kaiwa 30 ƙasa da sifili, har ya zarce. In lissafin bai shige ka ba, buɗe firizar gidanku ka sa hannu: tana kan 18 ne ƙasa da sifili. Mu in mun sayi rabin rago, a baranda muke ajiye naman cikin akwatin roba, daga Disamba har wajen ƙarshen Fabrairu, ya daskare kamar dutse. Mutanen garin har yau suna alfahari da ranar ƙarshe ta shekarar 2013, wadda aka ce garin ya fi wani sashe na duniyar Mas sanyi. Haka suke, da sanyinsu suke ado.

Abin da ya fara cuta ta shi ne rana. Mu mun tashi mun san in hantsi ya dubi bango, an samu sauƙi. Tsofaffi su fito da tabarma, awaki su jeru a jikin katanga. A nan ranar da gari ya yi garau, sama ta yi shuɗi ba ɗigon gajimare, rana tana ƙyalli a kan dusar ƙanƙara har ido ba ya iya kallo, to ita ce ranar da za ka ji tsoro. Gajimare bargo ne, shi ke riƙe ɗan ɗumin ƙasa. In ya yaye, ɗumin ya tsere sama. Sau da yawa ranar da dusa ke zuba ta fi ranar haske sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni ban san haka ba. Juma'ata ta farko a Janairu na leƙa taga na ga rana fes. Na ce yau kam a yi shigar gida. Na sa suwaita, na ɗora kaftanin shadda, na rufa da jaket, na kafa zanna bukar, na zura takalmin fata sau ciki da 'yar safar hannu ta ado. Masallacin da ke titin Waverley na nufa. Da na iso bakin titi sai na hangi bayan bas ɗin da zan hau, ni na makara. Na ce ba komai, a jira wata. Minti biyar na farko kunnuwana suka yi ta raɗaɗi kamar ana yanka su da reza. Na cije, na ce ai namiji ba ya raki. Can sai raɗaɗin ya ɗauke ɗif. Wallahi murna na yi, na ce lallai jiki ya fara sabawa.

Ina cire takalmi a masallaci wani dattijo ɗan Sudan ya kama kafaɗata ya juyo da ni yana kallon gefen kaina. Na kai hannu zan murza kunnen, ya doke hannun. Ya ce, "Ɗana, kada ka murza." Ya ja ni wurin alwala. Na miƙa hannu zan buɗe famfon ruwan zafi, nan ma ya hana. Ya haɗa ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, ya gwada da gwiwar hannunsa, ya jiƙa tawul ya riƙa ɗora mini yana sake jiƙawa. A madubi na ga saman kunnuwana sun yi fari-fari kamar an shafa toka, sun yi tauri kamar kitsen da ya kwana. Da jini ya fara dawowa na gane raɗaɗin ɗazu wasa ne. Hawaye na yi a gaban mutane, da gemuna. Kwana biyu kunnen na kumbure, daga baya ya saɓule kamar fatar maciji. Har yau in sanyi ya ƙaru, kunnena na hagu ke fara ba ni labari kafin rediyo.

Daga ranar na riƙe abu ɗaya: muddin wuri yana ciwo, da sauran ransa. In ya daina ciwo alhali kana tsaye cikin sanyin, ba sauƙi ka samu ba, daskarewa ya fara. Naman da ya daskare ba a murza shi, domin ƙanƙarar da ke cikinsa za ta yayyaga shi. Ba a kara shi a wuta ko hita, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, domin ba ya ji, sai ya ƙone ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumin jiki ake so, digiri 37 zuwa 39. In ya yi bororo ko ya ƙi dawowa da launinsa, asibiti kai tsaye. Duk abin da hannunmu ya saba yi a hunturun gida, murzawa da kara hannu a garwashi, a nan shi ne ɓarnar.

Yanzu ba na tambayar taga, waya nake tambaya, kuma lamba biyu nake dubawa. Ta farko ma'aunin sanyi, ta biyu yadda jiki zai ji shi in an haɗa da iska. Ta biyun ce mai hukunci, musamman a garin da yake shimfiɗe kamar faranti, ba dutse ba tudu da zai tare jaura. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce in wannan lambar ta kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47 kuwa, minti 5 zuwa 10 ne. Jiran bas ɗaya ke nan. Shi ya sa nake duba lokacin bas a waya in fita daidai, kuma wayar a aljihun ciki take zama, kusa da ƙirji, domin batir ma sanyi na kashe shi farat ɗaya, ka ga kashi 60 yanzu, an jima ta mutu.

Maganar tufafi ita ta fi yi mini ciwo, ni da na tashi a garin auduga. A nan auduga ba ta da amana. Tana shan gumi ta riƙe, in iska ta buga sai ka zama kamar wanda ya sa jiƙaƙƙiyar riga. Singileti, shadda, yadi, atamfa, safar auduga, ko goma ka jibga ba su kai riga ɗaya ta ulu ba. Wadda za ta taɓa fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba mai fitar da gumi, riga da dogon wando masu kama jiki. A kanta suwaita mai kauri. A waje babbar rigar sanyi mai tare iska, mai hula a jiki, wadda ta sauko har cinya. Iskar da ke maƙale tsakanin rigunan ita ke riƙe ɗumi, saboda haka matsattsun kaya ba su da amfani. In ka shiga bas ko kanti ka zuge zif, ka cire hula, kada ka bari gumi ya karyo, don da shi za ka koma waje. Kaftanina bai yi ritaya ba, amma yanzu tsakiya yake shiga, zanna kuma a jaka take tafiya sai an shiga masallaci.

Safar hannu mai yatsu biyar ta ado ce. Ta gaske ita ce mai kama da jaka, wadda yatsu huɗu ke zama ɗaki ɗaya suna ɗumama juna. Takalmi kuwa a nan ne araha ba ta ado. Ka nemi mai kauri a ƙasa, mai gashi a ciki, ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba, yadda za ka iya motsa yatsu da safar ulu a ƙafa. In ya matse, jini ba ya gudu, ƙafa ta yi sanyi ko nawa ka saye shi. Fuska a naɗe ta da mayafin wuya har hanci. Tun da na zo nan nake ganin hikimar rawanin Abzinawa. Uwargida ma ta koyi cire 'yan kunne in za a daɗe a waje, ƙarfe na jawo sanyi. Kuma duk wannan a nan ake saye. Jaket ɗin gwanjon gida an ɗinka yawancinsu ne don sanyin da bai kai rabin wannan ba. Akwai shagunan gwanjo a nan ma, kuma ba abin kunya ba ne, Turawan da kansu can suke cika.

Wanda yake ganin ina zuzutawa, ya tambayi 'yan Ghana mazauna garin nan. A ƙarshen Disambar 2016 wasu 'yan ƙasarsu biyu suka tsallako da ƙafa daga Amurka ta wajen Emerson, kimanin kilomita 100 kudu da nan, cikin dare, cikin gonaki da dusa ta rufe. Sun tsira da rai, amma dukansu biyu sun rasa yatsun hannu. A Janairun 2022 a wannan yankin aka tsinci gawar wasu 'yan Indiya huɗu, miji da mata da 'ya'yansu biyu. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali ne ke fara tafiya: mutum ya yi ta karkarwa, harshe ya yi nauyi, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, barci ya riƙa fizgarsa. In karkarwar ta tsaya alhali bai shiga ɗumi ba, abin ya yi nisa. A kira 911, lambar agajin gaggawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi.

Alwala ma sai da na sake koyon zama da ita. Na taɓa fita da danshi a gemu, kafin in kai mota ya zama tsinke. Yanzu sai na goge ko'ina ƙaraf, in shafa mai, in ɗan jira, sannan in fita. Na sayi huffi na fata, na je na zauna gaban malami ya warware mini sharuɗɗan shafa a kansa, kowa ma ya yi hakan. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai kusan 8:30, ta faɗi wajen 4:30. Azahar wajen 12:30, La'asar ƙarfe 2 da 'yan mintuna, kafin ka juya an kira Magariba. In ka iya riƙe alwala, ɗaya ta ishe ka uku. Uwargida a wannan watan take ramuwar azuminta, ta ce ko yunwa ba ta gama sallama ba an sha ruwa.

Fata kuwa, kaushi da faso na hunturun gida ƙannensu ne. Iskar cikin ɗaki ta bushe ƙamas saboda hita, yara su tashi da haɓo, ka taɓa mariƙin ƙofa ya ja ka kamar lantarki. Man kaɗe shi ne abin da muka zo da shi daga gida da bai taɓa ba mu kunya ba. A shafa shi da an fito wanka, jiki da sauran laima. Wankan kada ya zama da ruwa mai ƙuna, kuma kada a daɗe. Mun sayi 'yar na'ura mai fesa tururi a ɗakin yara, haɓon ya tsaya. A riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi.

Sai gawayi. A nan zan ɗaure fuska. Kowane hunturu a gida sai mun ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon garwashi suka rufe ƙofa, aka wayi gari ba su tashi ba. Ɗakunanmu na can ma ke nan, masu kafar iska ta ƙarƙashin ƙofa da saman taga. Gidajen nan a toshe suke ruf kamar gwangwani. Iskar da gawayi ke fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa, da jiri da tashin zuciya, sai barci. Kada a shigo da gawayi ɗaki ko wuta ta ɗauke. Kada a kunna murhun gas don jin ɗumi. Kada a tayar da janareta ko mota a rufaffen gareji. A tabbata akwai ƙararrawar da ke jin wannan iskar a gidan, a riƙa gwada batirinta. Mu da turaren wuta muka yi namu karatun. Watanmu na farko uwargida ta hura ɗan gawayi a kan murhu ta zuba turarenta na Maiduguri, gida ya ɗauki ƙamshi, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kururuwa. Maƙwabta suka firfito da kayan barci, ni ina tsaye da kasko a hannu ina ba da haƙuri da Turancin da ya gudu ya bar ni. Washegari muka sayi kaskon lantarki.

Wata ɗabi'ar gida da ke jawo asara ita ce kashe komai in za a yi tafiya. Wani ɗan uwanmu ya tafi hutun mako biyu, ya kashe hita don tsimin kuɗi. Ruwa in ya daskare kumbura yake, kusan kashi ɗaya cikin goma. Bututu ya fashe a cikin bango, ya dawo ya tarar da falo ya zama fadama, har gidan ƙasa ya samu rabonsa. A rage hitar, kada a kashe ta, kuma kada a bar taga a buɗe a saman bututun ɗumama ɗaki ko da ɗan yatsa ne.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. A Winnipeg motoci ne ke da wutsiyar, kuma a gaba take. Da na zo na yi ta mamakin wayar lantarki da ke leƙowa daga hancin kowace mota, da soket a jikin ginshiƙan wuraren ajiye motoci. Ashe wata 'yar hita ce a jikin injin, ita ke hana shi sandarewa, baƙin mai ya yi kauri kamar zuma. In dare zai kai 18 ƙasa da sifili sai a jona ta, awa uku ko huɗu kafin fita sun isa. Sai dai a tuna a cire kafin a ja mota. Ni sau biyu ina jan wayar a titi kamar akuya da igiya. Tayoyin sanyi daban suke, robarsu ba ta ƙanƙarewa, kuma ni ba na ɗaukar iyali a mota ba tare da su ba. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but ina da bargo, ƙaramin shebur, wayar tayar da batir, tocila da dabino. In mota ta maƙale a bayan gari cikin guguwar dusa, ba a fita neman taimako da ƙafa. A zauna ciki, a share dusar da ta toshe salansa, a riƙa tayar da injin kamar minti goma a kowace awa.

Tafiya a kan santsi kuma tafiyar agwagwa ake yi: gajeren taku, ƙafa a buɗe, hannu a waje ba cikin aljihu ba. Girma ya faɗi, amma ya fi ƙugu ya faɗi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne duhun. Hunturuna na farko tsoro da ɗoki suka ɗauke ni. Na biyu ne ya kusa kayar da ni. In fita aiki cikin duhu, in dawo cikin duhu, Asabar da Lahadi in naɗe a kujera. Ba dandali, ba majalisa, ba mai leƙowa ya ce salamu alaikum don kawai ya ga ƙofa a buɗe. Jikina ya yi nauyi, abin da bai kai ya kawo ba sai in hau faɗa. Hajiyarmu ce ta gano ta waya. Ta ce, "Kai, muryar nan ba taka ba ce. Me ke cin ka?" Na je wurin likita, aka auna jini, aka ce bitamin D ya yi ƙasa. Garin yana kusan digiri 50 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan 12. Daga kaka har bazarar nan hasken ranar ba shi da ƙarfin da fata za ta sarrafa bitamin ɗin, balle baƙar fata irin tamu da ta fi buƙatar rana. Ya rubuta mini ƙwaya, ya kuma ce in riƙa fita kullum da tsakar rana ko na minti ashirin ne.

Fitar ta fi ƙwayar wuya, amma ita ta fi aiki. Wata Asabar na kwashi yara muka je The Forks, inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu. In ƙanƙara ta yi kauri sai a share hanya a kan kogin, kilomitoci, mutane na sulu da takalman ƙarfe, wasu na tura keken jarirai. Ranar da na fara taka kogin ba addu'ar da ban karanta ba, ɗan Funtuwa a tsaye a kan ruwa. Yanzu 'yata ta fi ni gudu a kai, tana juyowa tana cewa, "Baba, ka daina kallon ƙasa!" Muka kuma ƙulla zumunci da gidaje huɗu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, duk Asabar ɗin ƙarshen wata a haɗu gidan ɗaya. Tuwon shinkafa da miyar kuka, farfesu mai citta da masoro, shayi mai kanumfari, takalman sanyi jibge a bakin ƙofa suna zubar da ruwa. Ko ma'auni ya kai 30 ba a ɗagawa.

Yaron nan na Zariya na ce ya cika jakarsa da man kaɗe, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji, ya bayyana su duka in an tambaye shi a filin jirgi. Kilishi da dambun nama ya cinye su a can, ba a shigowa da nama. Suwaitarsa ya taho da su, za su yi aiki a tsakiya. Na ciro tsohuwar rigar sanyina na rataye a bakin ƙofa, da hula mai rufe kunne da safar hannu irin ta jaka, da su zan tare shi tun daga cikin ginin filin jirgin. Na tambaye shi lambar takalminsa, ya ce 43, ina neman 44.

Kafin mu yi sallama ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Yaya, wai da gaske ne har gashin hanci daskarewa yake?" Na ce ya bari sai ƙofar filin jirgi ta buɗe, ya ja numfashi ɗaya ta hanci, sai ya ba ni amsa.